Ranar da Keke Zai Sake Ratsa Dajin Rugu

Akwai wani wasa da ya yaɗu a ƙasashen duniya tun daga shekarun 1970, wato hawan keke a kan duwatsu da cikin dazuzzuka. Samarin Kalifoniya ta ƙasar Amurka ne suka fara shi, da tsofaffin kekuna, suna gangarowa daga kan tsaunukan gundumar Marin. Sannu a hankali abin ya bunƙasa, har aka shigar da shi wasannin Olamfik a birnin Atlanta a 1996. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ƙasar Batsari da Safana ta dace da wannan wasa, kuma ya kamata hukuma ta sa shi cikin shirinta na farfaɗo da yankin, duk da yake mai karatu zai iya ganin maganar kamar ta wanda bai san halin da ake ciki ba.

Da farko ya kyautu a fayyace abin da ake nufi. Keken hawa dutse yana da tayoyi masu kauri da ƙuraje don kama ƙasa, da giya mai yawa don sauƙaƙa hawa, da birki mai ƙarfi, da kuma abin da ke shanye gargada a ƙafar gaba. Hanyar da ake yi masa siririyar turba ce mai kewaye, inda mahayi ya tashi nan zai dawo, ba tare da ya maimaita sawunsa ba. Akan kasa hanyoyin gida-gida, a sa wa kowace alama mai launi: ta 'yan koyo, da matsakaiciya, da ta gwanaye. Matsakaiciyar ita ce mai hawa da gangara daidai ƙarfin lafiyayyen mutum, da 'yan duwatsu da saiwoyi nan da can, amma babu ramin da zai karya wuya. Irin wannan hanya ba ta bukatar kwalta ko gada. Gatari da diga da shebur da alluna sun isa.

Duk wanda ya san yammacin Jihar Katsina ya san Allah ya riga ya shimfiɗa wannan hanya. Daga Karare da Ruma a ƙasar Batsari har zuwa Runka a ƙasar Safana, ƙasa ce ta duwatsu da faƙo da ƙoramu, ga kuma Dajin Rugu ya miƙe har cikin Jihar Zamfara. Ga burtali da labi na makiyaya, ga turbobin masu itace da mafarauta. Ga tarihi kuma, domin Ruma garin mayaƙa ne, can ne aka yi shahararren barden nan Ɗanwaire. Mutanen wurin kuwa ba baƙin keke ba ne. Kafin babur ya yi yawa, a kan Raleigh da Phoenix manomi yake ɗora buhun rogo zuwa kasuwar Batsari, a kansa malamin makaranta yake zuwa aiki, a kansa malamin daji yake zagaya gandunsa. Akwai lokacin da har masana'antar haɗa keken Raleigh take aiki a Kano.

To, amma akwai babbar suka da za a yi wa wannan shawara, kuma sukar tana da nauyi. Za a ce yaya za a yi maganar wasa a wurin da ake binne mutane? Gaskiya ne Dajin Rugu ya zama mafakar 'yan bindiga. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutane kimanin 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙasar Batsari. A watan Disamba na wannan shekarar aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka nausa da su daji. A 2021 sai da gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe wasu hanyoyi, ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana. Babu mai hankalin da zai ce a tura ɗan wani cikin daji a kan keke kafin ƙura ta lafa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Sai dai kuma ya kamata a tambaya: ta yaya dajin ya kuɓuce tun farko? Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. An keɓe gandun daji da makiyayu, an yi wa makiyayun doka a Jihar Arewa tun 1965, daga baya aka yi watsi da su. Madatsun ruwa suka cike da yashi, ɗakunan shan magani na dabbobi suka rushe, malaman daji suka ƙaranta, gonaki suka cinye burtali. Da ƙafar mutanen kirki ta ɗauke, sai ta ɓata-gari ta maye gurbinta. Soja yana iya korar ɗan bindiga, haka ma rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya kafa a 2023. Amma soja ba zai dawwama a gindin kowace kirya da marke ba. Abin da ke riƙe daji shi ne zirga-zirgar jama'a masu halattacciyar sana'a a cikinsa.

A nan ne amfanin hanyar keke yake. Tana bukatar masu share ta bayan kowace damina, da 'yan jagora waɗanda suka san kowane kwazazzabo, da masu faci da gyaran kaca a bakinta, da masu fura da nono da abinci. Ɗan makiyayin da ya san dajin kamar tafin hannunsa, shi ya fi kowa cancantar zama jagora, kuma wanda yake cin abinci da zuwan baƙo ba zai so a sace baƙon ba. Bugu da ƙari, keke ba ya shan mai, wanda ya yi tsada tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023, ba ya ƙara, ba ya firgita garke. Turbar da aka share wa mai wasa, ita ce ɗalibi da ma'aikacin lafiya za su bi.

Wannan ba tatsuniya ba ce, domin an ga irinta a Afirka. Ƙasar Ruwanda ta yi kisan ƙare-dangi a 1994. Bayan shekara 17, a 2011, ta buɗe hanyar ƙafa da keke mai tsawon kilomita 227 a gefen tafkin Kibu, kuma a watan Satumba na 2025 birnin Kigali ya karɓi baƙuncin gasar tseren keke ta duniya, karo na farko a wannan nahiya. Burkina Faso ma ta fara gasarta ta zagaya ƙasa a kan keke tun 1987. Ba a ce keke ne ya kawo wa Ruwanda zaman lafiya ba, amma ya taimaka wajen sa mutane su sake bin hanyoyin da suka ƙaurace wa.

Saboda haka, abin da ya kamata shi ne a fara da kaɗan. A zaɓi gajeren kewaye kusa da gari, wanda bai wuce kilomita 10 ba, inda jami'an tsaro da hakimai suka tabbatar da amincinsa. A shawarci Sarkin Ruma da Yariman Katsina da dagatai da arɗaɗai kafin a sari ko reshe ɗaya, kuma kada hanyar ta toshe burtali ko ta ci gonar kowa. A fara da 'yan makarantun yankin, sa'an nan ɗaliban jami'o'in Katsina da Dutsinma, kafin a yi maganar baƙi daga nesa. In an ga alheri a ƙara tsawo.

Daga ƙarshe, sanarwar hukuma a rediyo ba ita ce ma'aunin zaman lafiya ba. Ma'aunin shi ne yaro ya hau kekensa daga Karare da hantsi, ya zagaya bayan dutse, ya dawo gida kafin azahar, uwarsa ba ta tsaya a ƙofar gida tana duban hanya ba. Allah ya nuna wa mutanen Batsari da Safana wannan rana.