TITI BA YA BA DA RAI NA BIYU

Duk wanda ya ratsa Unguwar Rukuba a birnin Jos da maraice zai ga samari sun yi gungu, kowa ya duƙufa a kan wayarsa ko allon kwamfuta. Cikin wasannin da suka yi suna a duniya akwai waɗanda aka gina bisa tarihi, irin su Assassin's Creed, wanda kamfanin Ubisoft ya fitar a 2007. Yana kai mai wasa biranen Ƙudus da Dimashƙu da Akka na shekarar 1191, ya hau hasumiya, ya diro ƙasa, ya tsere wa dakaru. Wannan ba laifi ba ne, har ma yakan sa yaro ya so sanin labarin mutanen da.

Amma akwai abu guda da ya wajaba a faɗa wa samarin nan. A cikin wasa, idan jarumi ya faɗi ya mutu, maɓalli ɗaya ake dannawa ya tashi garau. A kan kwalta babu wannan maɓalli. Saurayin da ya ajiye waya ya hau babur ba hular kwano, ya ɗauki mutum biyu a baya, ya nufi titin Bauchi a guje, da rai ɗaya tak ya fita daga gidan ubansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗurran hanya, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Watau samarin da ke zaune a gungun nan su ne abin ya fi shafa.

Ba doka ce aka rasa ba. Tun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa. Ranar 1 ga Janairu, 2009, ta fara tilasta sa hular kwano, sai wasu mahaya suka mai da abin wasa, suna kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'ai. Jami'in ya yiwu a ruɗe shi, amma dutsen Jos ba a ruɗinsa. Har wa yau, a 2010 gwamnatin Jonah Jang ta kafa dokar hana acaba a Jos da Bukuru. Sai dai doka kan hana sana'a, ba ta cire ganganci daga zuciya.

Saboda haka aikin ya koma kan jama'a. Uban da ya iya saya wa ɗansa babur, lalle ya iya saya masa hular kwano mai inganci, ya kuma ga an ɗaure igiyarta a haɓa, domin hular da ba a ɗaure ba takan riga mai ita faɗuwa. Kada a miƙa makulli ga yaron da bai kai shekara 18 ba, ko wanda ba shi da lasin. Mahayi ya duba birki da taya da fitila kafin ya tashi, ya rage gudu a gangara da mahaɗar hanya, musamman da damina in kwalta ta yi santsi, ya kuma bar waya a aljihu har ya sauka. Masu unguwa da limamai da fastoci su ja kunnen matasa, jami'an hanya kuwa su tsare doka ba sani ba sabo.

Mai wasan tarihi ya san cewa jarumin da ya kai ƙarshen labari shi ne wanda ya lura kafin ya yi tsalle. Kamata ya yi ya fito da wannan darasi kan titi, ya bar sauran bajintar a cikin allo. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye.