Malami Da Abin Da Ido Ba Ya Gani

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina so in jawo hankalinku ga wani sabon ilmi da Turawa ke kira nanoteknoloji, watau sarrafa abubuwa ƙanana ƙwarai. Ku ɗauki rula ku dubi milimita ɗaya. In aka raba ta kashi miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Ƙwayar cutar Korona faɗinta wajen nanomita 100 ne, watau sai an jera 10,000 kafin su cika milimita guda. Abin da ya kai haka ƙanƙanta kuwa, sai da makami daidai shi.

Kakanninmu sun sha wuya a hannun marisuwa a 1918, ba gwaji, ba rigakafi, mutum ya kwanta kawai ya jira abin da zai same shi. Da Korona ta shigo Ikko a watan Fabrairu na 2020, shekara ba ta ƙare ba sai da aka sami allurar Pfizer da ta Moderna. Cikinsu akwai wani saƙo mai koya wa jiki gane cutar. Saƙon nan ba ya jimrewa, da ya shiga jiki tsirara sai ya lalace, don haka aka naɗe shi cikin 'yan ƙwallayen kitse masu girman ƙwayar cutar kanta, su kai shi inda ake so.

Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne ɗan tsinken gwajin nan. Zinariya in an mai da ita gari mai laushi haka, launinta ja yake komawa. Jan layin da ke fitowa bayan minti 15, garin zinariya ne ya taru inda ya kama alamar cutar. Ba ya bukatar lantarki. Ita kuwa allurar Pfizer, da fari sai an ajiye ta cikin sanyin da ya kai digiri 70 ƙasa da sifiri. Ina dispensaren ƙauye zai samo wannan?

To, ina ruwan malami? Da ruwansa ƙwarai. A ƙauye, in jita-jita ta tashi cewa an saka wata na'ura cikin allura don a riƙa bin sawun mutane, wurin malamin makaranta ake zuwa tambaya. Mutanenmu kuma ba da banza suke shakka ba, gama ba a manta gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba. Wanda ya taɓa ƙonewa, faɗa ba ya sa shi kusantar wuta, sai bayani. In malami ya yi ta kame-kame, uba zai koma gida ya hana 'ya'yansa.

Saboda haka ina roƙon malamanmu na kimiyya su ba wannan magana ko da darasi biyu kafin mu fita koyarwa, su kuma kawo mana tsinken gwajin a aji, mu riƙe shi da hannunmu, mu ga yadda layin ke fitowa.