Tiyatar rage ƙiba: wa zai zauna da mara lafiya bayan ya sauko daga jirgi?

Maganar tiyatar rage ƙiba ta fara shigowa hirar gidajenmu. Masu hali daga Yamai, Maraɗi da Damagaram suna tafiya Tunisiya, Maroko ko Turkiyya a yi musu aikin, su yi ƴan kwanaki, su dawo. Ni malami ne a makarantar horar da malamai, aikina kullum kallon yadda ɗabi'a ke shiga mutum da wahalar fitarta. Ra'ayina shi ne wanda aka yi wa wannan aiki ba tare da an kula da hankalinsa kafin da bayan ba, rabin magani ya biya.

Aikin iri biyu ne suka fi yawa. A na farko likita yana cire kusan kashi uku cikin huɗu na tumbi, abin da ya rage ya koma siffar ayaba. A na biyu ana ware ƴar jaka a saman tumbi a haɗa ta da hanji, abinci ya tsallake wani sashe. Kuma aikin yana da amfani, kada wani ya ce na hana. Wani babban bincike da aka fara a Suwidin a 1987 ya bi dubban mutane shekara da shekaru, ya nuna waɗanda aka yi wa tiyatar sun samu sauƙin ciwon suga, mace-mace kuma sun ragu a cikinsu.

Amma ku duba sharuɗɗan da hukumar lafiya ta Faransa ta gindaya a 2009. Sai ma'aunin ƙibar mutum, wato nauyinsa a kilo a raba da tsawonsa a mita sau biyu, ya kai 40, ko 35 tare da wata cuta kamar suga ko hawan jini. Sai ya yi wata 6 zuwa 12 yana neman sauƙi ta wasu hanyoyi bai dace ba. Sai tawagar likitoci ta duba shi, cikinsu har da likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam. Sannan a ci gaba da bibiyarsa iyakar rayuwarsa. Dalili a fili yake: akwai mai cin abinci saboda yunwa, akwai kuma mai ci don ya danne baƙin ciki. Na biyun idan aka rage masa tumbi, an ƙwace masa mafaka, baƙin cikin kuwa yana nan inda yake. Binciken da aka wallafa daga Suwidin a 2018 ya gano cewa cutar da kai da kashe kai sun fi yawa a cikin waɗanda aka yi wa tiyata, idan aka kwatanta da masu ƙiba da aka yi wa magani ba tare da fiɗa ba. Wani binciken na shekarar ya nuna sabon aure yana ƙaruwa bayan aikin, mutuwar aure ma haka.

To, a kawo wannan gidanmu. Mu mutane ne masu ci a kwano ɗaya. Wadda aka yi wa aikin za ta yi makonni tana shan abu mai ruwa-ruwa, daga baya ta koma loma ƴan kaɗan, a hankali, ba ta haɗa ci da sha. A gidan suna ko biki, kowa zai ce, "Hajiya, ai ba ki ci komai ba." Shayinmu mai sukari da yawa yana iya jawo wa wanda aka yi wa aiki na biyun zufa, jiri da bugun zuciya. Ƙwayoyin bitamin B12 da na ƙarin jini sun zama abokan zama. Azumi cikin zafin bazara, ga mai shan ruwa kurɓi-kurɓi, sai da shawarar likita.

Abin da ya fi ciwo shi ne bakin mutane. A wurinmu ƙibar mace alama ce ta hutu da kulawar miji, har wasu ƴan mata na shan ƙwayoyin sha-ka-fashe don su ciko. Yanzu a ga mace ta zube cikin wata shida. Wani zai ce sida ce, wata ta ce sammun kishiya ne, dangi su ce miji ba ya ciyarwa. Na san wata abokiyar aiki da ta daina zuwa taron dangi bayan ta dawo, don ta gaji da bayani. Ga kuma amarya: likitoci na ba da shawarar a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18 bayan aikin, surukai kuwa suna ƙirga watanni tun daga ranar tarewa. Wa ya zaunar da mijin da uwarsa ya yi musu wannan bayani kafin a sayi tikitin jirgi?

Za a ce mini masana halayyar ɗan Adam sun yi ƙaranci a ƙasarmu, kuma wanda aka gani ƙofar likitan ƙwaƙwalwa an sa masa sunan mahaukaci. Gaskiya ne. Sai dai iyalin da suka tara miliyoyin sefa don fiɗa suna da ikon yin tambaya kafin su biya: wa zai tattauna da mara lafiya kafin aikin, sau nawa, kuma wa zai amsa kiransa bayan shekara ɗaya, lokacin da nauyi ya tsaya ko ya fara dawowa? Asibitin da ya ce ka turo hoto ta WhatsApp ka zo mako mai zuwa, ba tare da ya tambayi yadda kake barci, yadda kake ci da abin da ke damunka ba, ni ba zan kai ɗan uwana can ba.

Mu malamai kuma muna da namu kason. A 2023 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce ana iya tura yaro mai matsananciyar ƙiba a duba ko ya cancanci tiyata daga shekara 13. Ke nan maganar ta sauko har cikin aji. Yaron da ake kira "tulu" ko "buhun gero" tun daga firamare, wani lokaci ma mushe ne ya fara laƙaba masa don aji ya yi dariya, shi ne zai girma yana ɓuya ya ci abinci, yana gudun filin wasa. Ina gaya wa ɗalibaina masu shirin riƙe alli cewa su hana irin wannan suna tun ranar farko, kada su auna nauyin yaro a gaban ƴan ajinsu, kuma idan za su yi wa iyaye magana a kan jikin ɗansu, su kira su gefe bayan an tashi.