Dokinmu Ya Sami Mawaƙi, Yaushe Zai Sami Mai Zane?

Idan ana maganar wasa doki da baki, mu mutanen Mafara da Bakura da Maradun ba mu da abin jin kunya. A ƙasar Bakura aka haifi Makaɗa Musa Ɗanƙwairo, a Maradun ya yi suna, kuma har ya rasu a 1991 sarakuna na hawa da kiɗinsa. Sa'idu Faru ma ɗan ƙasar Maradun ne. Maƙwabcinmu Ibrahim Narambaɗa kuwa waƙa sukutum ya yi wa doki guda, wato Ɗanfilinge, ga ta nan har yau ana nazarinta a sassan Hausa na jami'o'inmu. Kunne dai ya sami rabonsa. To, ina rabon ido?

Tambayar da ta dame mu ke nan, 'yan'uwa ɗalibai. In muka duba sunayen waɗanda suka zana dawakin Arewa har duniya ta gani, sai mu tarar baƙi ne. Littafin tafiyar Denham da Clapperton, wanda ya fito a Ingila a 1826, yana ɗauke da hotunan barade masu sulke da masu lifidi na wajen Borno da Bagarmi. Ben Enwonwu, mutumin Onica, ya zana hawan ƙaramar salla na Kano a 1955. Jimo Akolo, wanda ya yi karatun zane a Zariya, ya zana Fulani bisa dawaki a 1962. Gani Odutokun, malamin zane a Jami'ar Ahmadu Bello da ya rasu a haɗarin mota a 1995, ya sha zana hawan salla da ƙurarsa. Ba ma ƙyashinsu, sun ma cancanci godiya. Amma sun kalli doki ne ranar da ya yi ado, a manyan birane. Dokin da ke turke da asuba yana jiran harawa, da ɗan bargan da ke goge shi, da tsohon ingarman da aka daina hawa amma maigida ya ƙi sayarwa, waɗannan sai ɗan gida.

Ra'ayinmu shi ne, cikin dukan hanyoyin zane, babu wadda ta dace da mu kamar zanen launin ruwa. Wani zai ce ai wannan aikin Turawa ne. Haba! A tambayi masu haɗa fentin, da me ake yinsa? Garin launi ne da ƙaro, sai ruwa. Ƙaron nan dai da almajiri ke jiƙawa ya haɗa da baƙin tukunya ya yi tawada, shi ne ke riƙe launi a jikin takarda, ko a Landan ko a Faris. Daga dazuzzukan Sudan da Cadi da arewacin Nijeriya ake kwasarsa buhu-buhu a kai musu, su zuba a 'yan gwangwanaye su dawo mana da shi da tsada. Malamin da ke yi wa allon sauka zayyana, ya san yadda ake sarrafa ja da rawaya da kore da ruwa tun kafin a gina makarantar boko ko ɗaya a Zamfara. Jar ƙasa muna da ita, farar ƙasa muna da ita, ga shuni, ga karan dafi da dukawa ke rina fata da shi. Sai dai a sani launin da aka samo daga tsiro yakan koɗe in rana ta daɗe tana dukansa, na ƙasa kuwa ba ya gushewa.

Aikin kansa fa ba wasa ba ne, domin ruwa ba ya yafe kuskure. Mai fentin mai, in ƙafar doki ta karkace, sai ya shafe ya sake ɗora wata a kai. Mai launin ruwa ba shi da wannan dama sosai. Daga launi mai haske yake farawa ya gangara zuwa mai duhu, kuma duk inda yake son fari, to takardar zai bari yadda take. Wato in kili zai zana, ba zai zana kilin ba, abin da ke kewaye da shi zai zana, har dokin ya fito da kansa daga farin takarda. In ƙurar sukuwa yake so, sai ya jiƙa takardar tukuna, ya ɗiga launi ya bar shi ya bazu yadda ya ga dama. In kuwa geza ce ko tufkar ragama, sai ya jira ta bushe ƙayau, ya ja da bakin buroshi. A lokacin hunturu irin namu, jiran nan ba ya daɗewa. Kafin mutum ya gama shawara takarda ta bushe, sai launi ya bar masa zobe a inda bai so ba. Saboda haka dole ya gama tunaninsa kafin ya taɓa ruwa.

Wannan ne ya sa rayuwar irin wannan mai zane rabinta a barga take ƙarewa. Doki ba ya tsayawa a zana shi. Sai mutum ya yi watanni yana zaune kusa da turke da fensir, yana cika takardu da rabin kai, da kunne, da gwiwa, har hannunsa ya haddace abin da ido ya gani. Sai ya san bambancin taƙama da sassarfa, ya san yadda cinya ke durƙusawa lokacin zamiya in mahayi ya ja linzami a gaban sarki. Turawa da kansu sun daɗe suna zana doki mai sukuwa da ƙafafu huɗu a miƙe, biyu gaba biyu baya, sai da Eadweard Muybridge ya ɗauki jerin hotuna a Amurka a 1878 aka ga cewa lokacin da doki ya bar ƙasa gaba ɗaya, ƙafafunsa a tattare suke ƙarƙashin ciki. A nan ne muke ganin ɗan ƙasarmu ya fi kowa jari. Harshenmu ya riga ya koya masa kallo. Inda baƙo zai ce ga doki fari ga baƙi, shi zai ce ga kili, ga akawal, ga hurde, ga gunya, ga bidi, ga danda. Wanda ya tashi da waɗannan sunaye a bakinsa, rabin haɗin launi ya gama.

Mun san abin da za a ce mana. Na farko, ai kowa na da waya mai ɗaukar hoto. Gaskiya ne, amma hoton waya kamar ruwan kwando ne. Wayar ta faɗi ko ta ɓace, shi ke nan. Bayan haka, waya komai take kwashewa, har da turakun lantarki da bayan kawunan 'yan kallo, alhali mai zane zaɓe yake yi. Na biyu, maganar addini, kuma ba mu ɗauke ta da wasa ba. Malamai sun yi saɓani a kan surar mai rai. Abin da ya shahara a mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta kakanninmu, shi ne haramcin ya tabbata a kan sura mai jiki da inuwa, irin gunki. Wadda aka zana a shimfiɗe kuwa ba ta kai ga haramun ba, ko da yake barinta ya fi. Akwai malaman da suka tsananta fiye da haka, kuma wanda ya bi su ba mu da ja da shi. Shi ma ga aiki nan jibge: sirdi, da jalala, da likkafa, da lifidi, da zanen dukawa a jikin fata, duk ba masu rai ba ne, duk kuwa suna bukatar a adana siffarsu.

Abin da ya sa muke ganin maganar ta gaggawa ce, mun taɓa ganin yadda abu ke ɓacewa. Da aka gama madatsar ruwan Bakolori a 1978, ƙauyuka da gonaki sun nutse, aka tashi dubban mutane, har rikicin diyya ya kai ga zubar da jinin manoma a watan Afrilu na 1980. Yau in yaro ya tambayi kakansa yadda garinsu na da yake, sai dai a kwatanta masa da baki. Doki ma hanyar da ya kama ke nan. Babur ya ƙwace masa aikin tafiya tun tuni, tsadar dawa da harawa ta sa gidaje da yawa sun tsige turke, sa'an nan ga ta'asar 'yan bindiga ta shekarun nan da ta hana mutanen ƙauye sakewa, balle a yi maganar kiwon ingarma. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Madalla da Kano. Amma hawan Sarkin Mafara, da na Sarkin Burmin Bakura, da na Sarkin Kayan Maradun, babu wanda zai zo daga waje ya adana mana su.

Don haka muna roƙon shugabannin ƙungiyarmu su ware shafi guda a kowace fitowar wannan mujalla saboda zanen ɗalibai. Muna kuma kira ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara, tun da dukansu a Talata Mafara suke, su riƙa shirya baje kolin zane bayan kowace salla, ko da a ɗaki guda ne. Mu kuwa da za mu tafi gida hutu, a cikinmu akwai waɗanda tun suna firamare suke cika bayan littafin lissafi da dawaki, malamai na dukansu. Su nemi iznin Shamaki ko wani mai barga a unguwa, su sayi takarda mai kauri, su jiƙa ƙaro tun dare, su isa turke kafin a kwance doki.