Albasar Goronyo da Ƙwaron da Ake Fesawa Ba a Ƙidaya Ba

A lambunan Ingila, a watannin Agusta da Satumba, akan ga sanduna kafe a tsakanin furanni, kowace an kifa mata ƙaramar tukunya a ka. Baƙo zai zaci ado ne ko wani camfi, alhali tarko ne. Furen da ake karewa sunansa daliya, ɗan asalin ƙasar Meksiko, wanda aka kai irinsa birnin Madrid a 1789 ya bazu a Turai. Abokin gābarsa wani ƙwaro ne mai almakashi a wutsiya, da ke fitowa da dare ya ɓarnata furen, gari na wayewa ya nemi lungu mai duhu ya laɓe. Sai mai lambu ya cusa busasshiyar ciyawa cikin tukunya ya kife ta a kan sanda, da safe ya zo ya zazzage. Masana lambu na can ma ba su cika son a kashe ƙwaron ba. Shawararsu ita ce a kai shi gindin itatuwan 'ya'ya, domin a can darɓa yake ci, wato ɓarawon fure ya koma mai gadin tufa.

Ba da noman daliya aka san Goronyo ba, kuma abin da ke cikin fangalin manomin rani ya wuce ado. Albasa ce da tafarnuwa da attaruhu da tumatir, waɗanda daga cikinsu za a biya bashin taki da man injin ban ruwa, a yi wa 'ya kayan ɗaki, a sayi geron da damina ta hana. Amma tunanin da ya haifi waccan tukunya, wato a san inda ƙwaro ke kwana da lokacin da yake fitowa kafin a yaƙe shi, shi ne abin da ya yi ƙaranci a fadamun Goronyo da Wurno da Rabah. Abin da ya yawaita shi ne kwalba.

Madatsar ruwan Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan Gulbin Rima, an gina ta ne ta riƙe ruwa sama da mita kubik miliyan 900, kuma ita ce ta faɗaɗa noman rani a wannan kwari har ya zama sana'ar dubban gidaje. Sai dai duk inda aka tara shuka iri ɗaya, kore shar, a tsakiyar rani lokacin da daji ya bushe ƙurmus, an shimfiɗa wa ƙwari tabarma. Babban baƙon albasa a nan shi ne wani ɗan mitsitsin ƙwaro da masana ke kira tirifs. Tsawonsa bai fi milimita ɗaya da ɗoriya ba, launinsa tsakanin ɗorawa da ƙasa-ƙasa, kuma wanda ya tsaya a bakin fangali yana hange ba zai gan shi ba. Sai an tsuguna, an buɗe wuyan albasa inda sababbin ganye ke fitowa a matse, sannan a ga 'ya'yansa suna motsi.

Yadda yake rayuwa shi ke bayyana dalilin da feshi ke yawan cin amanar manomi. Macen takan tsaga fatar lawashi ta binne ƙwanta a ciki, inda magani ba ya isa. 'Ya'yan da suka ƙyanƙyashe sukan taru a can cikin wuya, inda ruwan feshi da kyar yake gangarawa, musamman idan mai feshin na sauri ne don ya gama kadada kafin rana ta take. Da sun ƙoshi sai su faɗa ƙasa su yi kwanci na 'yan kwanaki, su fito da fiffike. Saboda haka a ranar da aka fesa, wani kaso na cikin ganye, wani na cikin ƙasa, wanda aka kashe shi ne na sarari kawai. A lokacin zafi zagayen rayuwarsa kan cika cikin mako biyu zuwa uku, kuma macen ba ta buƙatar namiji kafin ta hayayyafa. Idan aka sami guda da magani bai kashe ba, zuriyarta za ta gaji wannan taurin kai. Ɓarnarsa kuwa tsotsa ce: yakan huda ganye ya sha ruwansa, lawashi ya yi fari-fari kamar an shafa masa toka, bakinsa ya bushe, kan albasa ya tsaya ƙarami. Raunukan da ya bari su ne ƙofar da cutar tabon ganye mai launin shuɗi-ja ke bi, wadda manoman albasa a Sakkwato da Kebbi suka san zafinta.

Abin da manomi ke yi idan ya ga lawashi ya fara fari sananne ne. Zai je kasuwa, ya kwatanta wa mai sayar da magani, shi kuma ya miƙo masa abin da ke kan teburinsa. Idan bai yi ba, a ƙara murfi ɗaya a kan na da. Idan bai yi ba, a haɗa biyu ko uku a inji guda. Sau da yawa kwalaben da ake sauyawa sunansu ne kawai ya bambanta: sifametirin da lamda-sihalotirin, alal misali, 'yan gida ɗaya ne, hanya ɗaya suke kashe ƙwaro, kuma wanda ya jure ɗaya yakan jure ɗayan. An tabbatar da irin wannan juriya ga tirifs na albasa a jihar New York ta Amurka da ƙasar New Zealand, wuraren da ke da ɗakunan gwaji da masu sa ido. Wanda feshin ba ya kuskurewa shi ne gizo-gizo da sauran ƙananan mafarauta da ke cin tirifs, domin su a sarari suke yawo. Manomi ya biya kuɗi ya kashe masu gadinsa, ya bar ɓarawo a ɗaka.

Bai kamata a ɗora laifin duka a kan mai sayarwa ba. Ɗan kasuwa ne, ba likitan shuka ba, kuma ya cike gurbin da malamin gona ya bari ne. Takardar jikin kwalba da Turanci take, da ƙananan baƙaƙe, a yankin da dattijo zai karanta ajami tiryan-tiryan amma boko ya gagare shi. A jikin takardar nan aka rubuta kwanakin da ya wajaba a jira tsakanin feshi da girbi. Mai cin tumatir a Sakkwato ko Abuja yana da ruwa da tsaki a wannan layi da ba a karantawa.

Ƙasar nan ta riga ta ɗanɗana kuɗar dogaro da kwalba har sau biyu a jere. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan ragowar sinadarin daikulobos, dangin abin da ake kira fiya-fiya, wanda ake zuba wa wake a ajiya. A 2016 kuma tsutsar tumatir da ta samo asali daga Kudancin Amurka, ta shiga Sifen a 2006, ta auka wa gonakin Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. Gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar Dangote da ke Kadawa ta tsaya don rashin abin sarrafawa. Manoma sun yi feshi har suka gaji, amma tsutsar a cikin ganye take haƙa rami, kamar dai yadda tirifs ke binne ƙwansa.

Akwai waɗanda suka bi wata hanya. A 1986 gwamnatin Indunusiya, bayan ta gano cewa feshi ne ke haddasa annobar wani ƙwaron shinkafa ta hanyar kashe maƙiyansa, ta haramta magunguna 57 a gonakin shinkafa, daga baya ta janye tallafin da take bayarwa a kan maganin ƙwari. Daga 1989 aka soma makarantun manoma a bakin gona tare da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, inda manoma kan haɗu mako-mako su shiga gona su ƙidaya ƙwari, su rarrabe mai ɓarna da mai amfani, su yanke shawara da kansu. Wanda ya ga Indunusiya ta yi nisa, to ga Maraɗi, wadda gulbinta ma cikin Rima yake zubowa. A can masu binciken cibiyar INRAN sun shafe shekaru suna sakin wani ɗan ƙaramin zanzaro da ke kashe tsutsar zangarniyar gero. Cikin 'yan jakunkunan algarara ake renonsa, a rataya a ƙauyuka, ya fita ya yi aikinsa ba tare da ɗigon guba ba. Manoman da suka karɓi wannan dabara Hausawa ne, gero ɗaya, ƙasa ɗaya, talauci ɗaya da na gabashin Sakkwato.

Game da albasa ma ba a rasa ilimin gida ba. Binciken da aka yi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya nuna cewa tirifs ba shi da yawa a farkon rani, yana ƙaruwa ne yayin da hunturu ke janyewa zafi na shigowa, wajen Fabrairu da Maris. Albasar da aka dasa da wuri takan ƙosa kafin rundunar ta taru, wadda aka makara kuwa tana ƙarama ake far mata. Wannan kaɗai ya isa ya sauya yadda ake kallon matsalar. Ranar dashe magani ce, kuma ba a sayar da ita a kasuwa. Haka nan idan maƙwabta suka yi dashe a warwatse, wani a Nuwamba wani a Janairu, duk sa'ad da aka cire tsohuwar albasa sai ƙwarinta su tashi su sauka a kan ƙaramar da ke gefe. Rage takin zamani mai sa ganye ya yi laushi, shimfiɗa ciyawa a fangali, da kawar da ragowar lawashi bayan girbi duk suna rage yawansa. 'Ya'yan dogon yaro, itacen da ke kowace ƙofar gida a ƙasar Sakkwato, idan aka daka su aka jiƙa kwana guda aka tace aka fesa da yamma, suna hana ƙwari ci da girma.

Mai adalci zai yarda cewa manomi na da hujjarsa. Ruwan dogon yaro ba ya kashewa nan take, rana na lalata shi cikin 'yan kwanaki, kuma idan ƙwaro ya riga ya cika gona ba zai cece ta ba. Ƙidaya aiki ce mai cin lokaci. Wanda ya ci bashi ya zuba a kadada ɗaya ba zai yi caca da ita don wani ɗan boko ya ce a jira ba. Feshi a wurinsa kamar inshora ne, ko bai yi amfani ba ya sami barci. Dashe da wuri kuma ba a hannunsa kaɗai yake ba: sai ruwan damina ya janye daga fadama, sai an saki ruwa a magudana, sai kuɗin iri da mai sun samu. Ga kuma rashin tsaro. Tun kafin harin da aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, wanda ya ci rayukan mutane sama da 40, da kuma bayansa, akwai gonakin da mai su ke shiga a gurguje ya fita, balle malamin gona ya zo daga birni.

Duk waɗannan gaskiya ne, amma inda suka nuna shi ne hukuma, ba manomi ba. Ba a cewa a daina feshi. Ana cewa a fesa lokacin da lissafi ya nuna, da maganin da ya dace, ana sauya gida ba suna ba. Manoman albasa a New York suna aiki da ma'auni mai sauƙi da masanan Jami'ar Cornell suka fitar: a duba tsirrai, a ƙidaya, idan tirifs ya kai kimanin ɗaya a kowane ganye sannan a ɗauki inji. Ba lallai wannan adadi ya dace da Rima ba, kuma fitar da na Rima aiki ne da jami'ar da ke Sakkwato za ta iya cikin rani biyu ko uku idan an ba ta kuɗin mai da na ɗalibai. Gwamnatoci sun fi son sayen katan-katan na magani a raba a gaban kyamara, domin katan ana ganinsa, ƙidaya ba a ganinta. Kuɗin mota ɗaya ta irin wannan rabo zai iya ɗaukar matasa daga cikin ƙauyukan kansu, waɗanda ba sai sun bi hanya mai haɗari ba, a koya musu buɗe wuyan albasa da gilashin ƙara girma, su riƙa aiko da adadi ta waya kowane mako, gidan rediyon Rima ya karanta wa manoma kamar yadda ake karanta farashin kasuwa.

Hukumar NAFDAC, wadda ita ke yi wa waɗannan magunguna rajista, tana da ikon ta wajabta a rubuta ma'auni da kwanakin jira da Hausa, har da ajami, ga duk kwalbar da za a sayar a Arewa. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima kuwa, mai riƙe da makullin madatsar Goronyo, ba ta ɗaukar kanta a matsayin mai yaƙi da ƙwari, alhali jadawalin sakin ruwanta na cikin abubuwan da ke yanke ranar dashe. Idan ta sanar da ranakun tun watan Satumba, ta zauna da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da sarakunan noma aka tsayar da makonnin dashe na kowane ɓangare, mai renon iri zai san ranar da zai zuba irinsa, maƙwabta su dasa tare, albasa ta shiga rudu kafin zafin Maris ya kankama.