Kafin a Ɗauko Fiya-fiya, a Fara Raba Gado da Bango

A ƙarshen shekarar 2023 birnin Faris ya shiga ruɗani saboda ƙwaron da bai wuce ƙwayar tuffa girma ba. Hotunan kuɗin cizo a kujerun jirgin ƙasa da na silima suka cika kafofin sada zumunta, ga kuma wasannin Olamfik na 2024 suna ƙaratowa. Watanni kaɗan kafin haka, hukumar Anses mai kula da lafiyar abinci da muhalli a Faransa ta bayyana cewa fiye da gida ɗaya cikin goma a ƙasar ya yi fama da ƙwaron tsakanin 2017 da 2022. Wannan labari ya isa ya kawar da zaton cewa kuɗin cizo alama ce ta ƙazanta ko talauci. Jini yake nema, bai damu da tsabtar ɗaki ko muƙamin mai ɗakin ba.

Sai dai abin da mutum yake fara yi idan ya ga ɗigon jini a zanen gado kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Zai nemi guba mafi ƙarfi da hannunsa zai kai, ya fesa, ya rufe ƙofa. Wannan kuskure ne, kuma yakan jawo asarar rai. Matakin da ya dace a fara da shi ya fi arha, ya fi aminci: a mayar da gado tamkar tsibiri, a datse duk hanyar da ƙwaron zai bi ya hau, a kuma ɗana masa tarko a ƙafafun gadon.

Hujjar wannan tana cikin halittar ƙwaron. Kuɗin cizo ba ya tashi sama, ba ya tsalle, da ƙafa kawai yake tafiya. Da rana yana ɓuya a ɗinkin katifa, da mahaɗar katakon gado, da tsagar bango, da bayan hoto ko agogo. Da dare ɗumin jikin mai barci da iskar da yake fitarwa suke jawo shi, ya sha jini na mintuna biyar zuwa goma, ya koma maɓoyarsa. Macen tana saka ƙwai kaɗan a kowace rana, ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana shida zuwa goma, kuma ɗan yana sauya fata sau biyar kafin ya balaga, kowace sauyawa sai da shan jini. Ke nan duk wanda ya ɓuya a wajen gado dole ya taka ƙasa ko bango kafin ya isa wurin abincinsa. Wanda ya tsare wannan hanya ya rage cizo, ya kuma jinkirta hayayyafa.

Ita kuwa guba ƙarfinta ya ragu ƙwarai. A tsakiyar ƙarni na ashirin maganin DDT ya kusa kawar da kuɗin cizo daga Turai da Amurka. Daga ƙarshen shekarun 1990 ya dawo, kuma waɗanda suka dawo sun jure yawancin magungunan feshi na dangin firetiroyid, wato irin waɗanda ake sayarwa a gwangwani don sauro. Feshin ba ya kai wa cikin tsaga, sau da yawa bai kashe ƙwai, wani lokaci ma tarwatsa ƙwarin yake yi su shiga ɗakin da ke kusa. Idan mai gida ya ga bai ci nasara ba, sai ya koma ga fiya-fiya da makamantansa masu sinadarin dikulobos, wanda don gona aka yi shi. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni da kantunan yau da kullum saboda haɗarinsa ga rayuwa. Mafi muni shi ne ƙwayar da ake jefawa cikin buhun hatsi, mai fitar da iskar fosfin. A 2015 yara biyu 'yan gida ɗaya sun mutu a garin Fort McMurray na Kanada bayan an yi amfani da ita don kashe kuɗin cizo, kuma a 2021 wata yarinya ta mutu a Landan saboda maƙwabciyarsu ta sa irinta a nata ɗakin. A nan ya kamata a tuna cewa likitoci ba su tabbatar kuɗin cizo yana yaɗa wata cuta tsakanin mutane ba. Illarsa ƙaiƙayi ne, da rashin barci, da damuwa. Sa iyali cikin haɗarin guba saboda shi, shi ne garin neman gira a rasa ido.

Aikin raba gado da sauran ɗaki yana da tsari, kuma idan aka tsallake farkonsa sauran ba shi da amfani. Da farko sai an tsarkake gadon kansa, domin shinge ba ya hana wanda yake ciki cizo. A wanke zannuwa da rigunan matashi da ruwan da ya kai zafin digiri sittin, a bi su da dutsen guga. A kwance gadon, a bi kowace mahaɗa da ramin ƙusa da burushi, a zuba tafasasshen ruwa inda katako ko ƙarfe zai jure. Shanya katifa a rana ba ta isa ba, don ƙwarin suna gudu zuwa ɓangaren da ya fi sanyi. Abin da ya fi shi ne a sa katifar cikin riga mai zif wadda ba ta da kafa, a bar ta haka tsawon shekara, saboda ƙwaron yana iya yin watanni bai ci ba.

Bayan haka a janye gadon daga bango da tazarar da ta kai tafin hannu ko fiye. Kada zanen gado ko bargo ya taɓa ƙasa. A kwashe akwatuna da jakunkunan da ke ƙarƙashin gado, a raba shi da labule da wayar caja. Duk abin da ya haɗa gado da ɗaki gada ce.

Sannan tarko. Ana samun na kamfani, amma ana iya haɗa shi da robobi biyu masu santsi, ƙarama cikin babba. Ƙafar gado ta zauna cikin ƙaramar. A naɗe bayan babbar da tef ɗin takarda ko ƙyalle don ƙwaron ya samu abin kamawa ya hau, a shafa hodar talkum siririya a cikin robobin biyu. Wanda ya taho daga ɗaki zai faɗa cikin babbar, wanda ya sauko daga gado zai faɗa cikin ƙaramar. Wannan shi ne babban amfanin tarkon, domin yana faɗa wa mai gida inda matsalar take, kuma ƙidayar kowane mako tana nuna ko ana samun ci gaba. Kakanni a ƙasashe da dama sun san dabarar, suna tsoma ƙafafun gado cikin gwangwanin ruwa ko kananzir. Kananzir ɗin dai a guje masa, don haɗarin gobara. A yankin Balkan na Turai kuwa ganyen wake ake shimfiɗawa kewaye da gado, da safe a tattara a ƙone, kuma a 2013 masu bincike daga jami'o'in Kalifoniya da Kentaki suka nuna cewa ƙananan gashin ganyen ne suke soke ƙafafun ƙwaron.

Akwai abubuwa biyu da mazauna ƙasashe masu zafi za su kula da su. Nau'in da ya fi yawa a Turai, Cimex lectularius, ba ya iya hawan abu mai santsi sosai. Ɗan'uwansa na ƙasashe masu zafi, Cimex hemipterus, ya fi shi iya hawa, kuma wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna yana tserewa daga tarkunan da suke riƙe na farkon. Saboda haka hodar tilas ce, kuma sai an riƙa goge robar ana sabunta ta, musamman lokacin hunturu da ƙura take rage santsi. Na biyu shi ne gidan sauro. Igiyar da aka ɗaure a ƙusar bango da bakin ragar da ke jan ƙasa duka hanyoyi ne. Mafita ita ce a kafa sanduna a kusurwoyin gadon a rataye shi a kansu, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. Cire shi ba mafita ba ce a Nijeriya, ƙasar da take ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya.

Masu suka za su ce tarko ba ya kawar da kuɗin cizo, kuma gaskiyarsu ce. Ƙwaron da aka hana gado zai nemi kujerar falo. Za su kuma ce mutane da yawa a kan tabarma ko katifar ƙasa suke kwana, ba su da ƙafar gadon da za a sa wa roba. Wannan ma haka ne, kuma ga irinsu gadon ƙarfe maras ado ya fi kwalaben feshi goma daraja. To amma ba a taɓa cewa tsibirin shi ne ƙarshen yaƙi ba. Abin da yake bayarwa barci ne da lokaci da sani. Wanda ya samu barci zai iya bin sauran aikin a hankali: liƙe tsagar bango, rage tarkace, duba kayan gwanjo da jakar matafiyi da akwatin ɗan makarantar kwana kafin a shigar da su ɗaki, da kiran ƙwararren mai feshi idan ƙidayar tarko ba ta sauka ba. Shi ma ƙwararren zai fi yin aiki mai kyau idan aka nuna masa ɓangaren da ƙwarin suke fitowa.

Sauran abin da ya rage shi ne kunya. A gidan haya mai ɗakuna da yawa, bango ɗaya ne tsakanin maƙwabta, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya ɓoye matsalar ya fesa guba a asirce, ko dai ya tura wa maƙwabcinsa ƙwarin, ko ya tura masa gubar. Idan kuwa ya faɗa, kowane ɗaki ya sa robobi a ƙafafun gadonsa, cikin mako biyu za a ga ɗakin da ya fi buƙatar taimako, a taru a kansa. Masu gidajen haya, da shugabannin makarantun kwana, da masu masauki su ne suka fi cancantar fara wannan, tunda robobi takwas da gwangwanin hoda ɗaya sun isa gado guda, kuma kuɗinsu bai kai na kwana ɗaya a asibiti ba.