Ruwan Sama da Laka a Mahaƙar Kwal

Idan aka yi maganar haɗarin mahaƙar kwal, abin da yakan fara zuwa zuciyar mai karatu shi ne ruftawar rami, ko gobara, ko ƙurar da ke ɓata huhun ma'aikata. Duk waɗannan gaskiya ne, amma akasari a cikin mahaƙar suke tsayawa. A ganina, abin da ya fi ɗaukar ɓarnar mahaƙa ya kai ta ƙofar mutanen da ba su taɓa riƙe shebur ba shi ne ruwan sama. Saboda haka bai kamata a ba kowa iznin haƙa ba sai ya nuna inda ruwan zai bi.

Bari mu yi ɗan lissafi. Idan ruwa mai milimita 50 ya sauka a kan fili mai hekta 1, an sami lita 500,000 ke nan. A daji, ciyawa da saiwoyi sukan rage masa gudu, ƙasa ta shanye wani kaso. Amma a mahaƙar da ake yaye ƙasa daga sama, kamar ta Maiganga a Jihar Gombe, dole ne a kawar da tsirrai, a tara ƙasar da aka kwashe tsibi-tsibi. Ruwan da ya faɗa a kan irin wannan tsibi ba abin da zai tare shi. Sai ya gangaro da ƙarfi, ya yanka kwazazzabai, ya kwashi laka da garin kwal ya zuba a rafi. Lakar takan cike rafin ya yi ambaliya, ta binne shuka a fadama, ta toshe wa kifi hanyar numfashi.

Akwai kuma illar da ba a gani nan da nan. Sau da yawa kwal da duwatsun da ke tare da shi sukan ƙunshi wani ma'adini mai suna firit, wato haɗin ƙarfe da farar wuta. Muddin yana binne, ba ya cutar da kowa. Da zarar ya haɗu da iska da ruwa, sai ya haifar da asid irin na ruwan batir, rafi ya koma launin tsatsa. An ga wannan a tsofaffin ramukan Inugu, inda aka fara haƙar kwal tun 1916. Farar ƙasa tana kashe kaifin asid ɗin, sai dai aiki ne da ake ci gaba da yi shekara da shekaru bayan an daina haƙa.

Maganin laka ba shi da wuyar fahimta. Da farko a raba ruwa mai tsabta da mai datti: a haƙa magudana a saman tudu domin ruwan da ke zuwa daga daji ya kewaye mahaƙar, kada ya shiga ya gurɓace. Wanda ya sauka a cikin mahaƙar kuwa, a bi da shi ta lambatun da aka shimfiɗa wa duwatsu, a dasa ciyawa irin su jema da gamba a jikin tsibin ƙasa, sa'an nan a tara shi a tafkin kwantar da laka kafin a sake shi.

Wannan tafki shi ne ya cancanci mu dakata a kansa, domin kowane ɗalibi zai iya gwada ilminsa da kwalba. Ɗebo ruwan kududdufi bayan an yi ruwa, ka girgiza, ka ajiye a kan tebur. Yashi zai kwanta nan take, lallausar laka ta biyo baya, amma ruwan zai kwana da duhunsa saboda yumɓu. George Stokes ya bayyana dalili a 1851: idan kaurin ƙwayar ƙasa ya ragu sau 10, saurin nutsewarta yakan ragu sau 100. Ƙwayar yashi mai laushi takan nutse zurfin mita 1 cikin kamar minti 2, ta laka ta ɗauki awa 3 ko fiye, ta yumɓu kuwa sai ta yi kusan mako 2. Ashe tafkin da ruwa ke shiga ya fita cikin rabin awa yashi kawai yake kamawa. Shi ya sa ake yi masa tsawo, a nisanta mashiga da mafita, wani lokaci a zuba alif, kamar yadda iyayenmu ke yi wa ruwan randa, don ƙwayoyin su dunƙule su yi nauyi.

Masu mahaƙa sukan ce wannan kashe kuɗi ne a kan abin da ba ya kawo riba, kuma ruwa mai yawa ba kullum ake yinsa ba. To, ai wannan na ba kullum ba shi ne ke kisa. A ranar 21 ga Oktoba, 1966, tsibin sharar kwal da aka tara a kan idon ruwa a Abafan, cikin ƙasar Wales ta Birtaniya, ya jiƙe bayan ruwa mai yawa, ya zaftaro ya danne makarantar firamare. Mutum 144 suka mutu, 116 daga cikinsu yara ne. A ranar 26 ga Fabrairu, 1972, madatsar ruwan wankin kwal ta fashe a Bafalo Kirik ta Amurka, ta kashe mutum 125. A 1977 Amurka ta kafa dokar haƙar kwal ta sama, kuma ƙa'idojinta suka wajabta a gina tafkin da zai iya ɗaukar ruwan yini guda mafi yawa da ake sa ran gani sau ɗaya cikin shekara 10.

A nan ne nake ganin muke da rauni. Ruwanmu na arewa ba yayyafi ba ne. Yakan zo da hadari ya zuba cikin awa guda, a kan ƙasar da ta yi wata shida tana shan rana. Tafkin da aka auna da matsakaicin ruwan shekara zai tumbatsa a Agusta. Haka kuma tafkin da laka ta cike rabinsa ya zama rabin tafki, ko da a takarda yana nan da girmansa. Ya kamata a yashe shi kowane rani, a kai lakar inda ruwa ba zai dawo da ita ba, jami'an kula da muhalli kuma su riƙa zuwa duba shi ana tsakiyar damina, su auna ruwan da ke fita, su liƙa sakamakon a ƙofar dagacin ƙauyen da ke shan rafin.